Ranar da Na Tayar da Makera

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya Baban Talatu da yara, yaya sanyin Jos? Mu a Romi lafiya lau, ɗalibaina ma suna ƙoƙari.

Shirin gudun fanfalakin nan da na gaya miki, saura kaɗan a hana ni. Ranar Asabar da safe na tsawaita hanya har Makera, inda ba a san ni ba. Kin san garinmu tun bayan rikicin nan, babba ba ya gudu a banza. Mai ƙosai na hango ni ta sauke kasko, ta kwashi 'ya'yanta. Masu shago suka fara rufewa. Ina waiwayawa sai ga maza uku a guje bayana, ɗaya yana haki yana tambaya, "Oga, ta ina suke zuwa?"

Mai unguwarsu ya sa aka kira ni, ya ce ko in daina, ko in koma filin makaranta. Filin da ko awaki ya yi wa kaɗan! Na roƙi alfarma ya ba ni zuwa Lahadi. Bayan sujada na bi hanyar a hankali cikin kwat ɗina, shago shago, ina gabatar da kaina, ina ba da haƙuri. Ya janye maganarsa.

Yanzu ina wucewa ina ɗaga murya, "Lafiya ce, jama'a!" Jiya mai ƙosan ta amsa, "Mun sani, Malam. Ƙara wuta, yau ka makara!"

Zan kai ƙarshen tseren nan, Yaya. Ki sa gwiwoyina a addu'a. A gaida Mama da kowa.

Ƙaninki,
Bulus