Takalman Umaru

Yaya Hadi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Inna da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ɗanka Umaru ya fid da mu kunya. Tun da ya fara kai masu cirar auduga gona a lori, in an kwantar da jariri a gaban mota, sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefen jaririn, don kada a manta da shi a ciki. Direbobin garin nan namu, Hasahisa, suna ta yi masa dariya.

Ran Talata da azahar kowa ya sauka, Umaru ya kulle mota, ƙasa ta ƙona masa ƙafa. Ya koma ɗaukar takalmi, sai ga jaririyar maƙwabciyata a gaban motar tana barci, jiƙe da gumi. Uwar ta zaci tana hannun kakarta.

Yanzu masu dariyar ma ba takalmi suke tuƙi in da jariri a mota.

A sa mu a addu'a, a gai da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Rabi