Ramin da ke ƙarƙashin gidan Baba

Bukuru, Agusta 2006

Ƙanena Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya aiki, ya zaman Legas?

Tun muna samari nake faɗa muku Baba ya gina gidan nan ne a kan ramukan da Turawan kuza suka rarake suka bari. Kuka ce boko ya taɓa min kai. Da bangon kicin ya tsage bana, na liƙa gilashi a kan tsagar, yadda aka koya mana a makarantar ma'adinai: in ya fashe, ƙasa na motsi. Ya fashe. Yaya Lawal ya ɓamɓare shi, ya shafe wurin da siminti, wai kada masu zuwa sunan jikarsa su ga gida a tsage.

Ranar sunan, ruwa ya ɗauke ke nan, mata na tuƙa tuwo, har da Asabe matata, sai ƙasa ta yi ruri kamar tirela. Kicin ya nutse da tukwane da wuta. A gabana katanga ta danne Ladi matar Yaya, jininta har fuskata. Muka yi ta tono da hannu, laka na sake rufewa.

Yanzu unguwa na cewa girgizar ƙasa ce. Ƙarya ne. Dutsen Jos bai girgiza ba. Rami ne, kuma mun san da shi.

Ka gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a. Mun binne Ladi. Asabe har yau tana ciki, ba mu same ta ba.

Yayanka,
Garba