Na Sa wa Diana Albarka ta Gilashi

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ɗana Othniel, a Fatakwal.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma ruwan garinku bai hana ka aiki ba. Ni dai ga ni nan, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, amma da sauran numfashi, mun gode Allah. Tun da aka binne mahaifiyarka Elizabeth, muryar 'yarka Diana ce kaɗai ke cika gidan nan, kuma a kanta nake rubuto maka.

Ranar Talata na lallaba Sabon Gari don Emenike mai gyara ya duba mini rediyo. Na tarar da shagonsa cike da samari sun zuba wa talabijin ido. Emenike ya ba ni kujera, ya ce ashe ni ma na zo kallon jikata. Na ce masa jikata tana Kafanchan wurin taron matasan coci, haka ta gaya mini, haka kai ma ka ce. Da na gyara tabarau, sai ga Diana da gajeren wando tana gudu da ƙwallon kwando a gaban dubban mutane. Wai gasar ƙungiyoyin mata ce ta ƙasashen Afirka, tana buga wa wata ƙungiya ta Legas, a wata ƙasa can kudu wadda sai jirgin sama. Ashe duk Samaru an sani, har Bibiana mai kawo mini koko, ni kaɗai kuka mayar kurma saboda hawan jinina.

Ban gama haɗiye wannan ba sai wata doguwar mace ta bangaje ta, Diana ta faɗi riƙe da gwiwa. Nan take aka ɗauke wuta. Othniel, na binne mata, na binne ƙanne, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Abin da ya faɗo mini shi ne, a gidanmu ko ƙauyen Bomo nan kusa yaro zai je kwana, sai ya durƙusa babba ya ɗora masa hannu. Yarinyar nan ta haye ƙasashe ba hannuna a kanta. Ban san lokacin da na miƙe ba, babu ko sanda, na dafa gilashin talabijin ɗin da ya mutu, na yi mata addu'ar tafiya da ƙarfi, kamar yadda mahaifina ya yi mini. Ba wanda ya yi dariya. Da Emenike ya tayar da janareta, sai ga ta a benci, an ɗaure gwiwar da ƙanƙara, tana yi wa 'yan uwanta ihu. Abin da ta yafa kuwa zanen zumuntar matan coci ne na kakarta, wanda na yi ta nema a akwati har na haƙura.

Yanzu na ji wai tana tsoron dawowa gida, tana so ta wuce wurinka. Kada ka yarda. Wanda ya ɓoye wa tsoho rana bai hana ta fitowa ba. Zancen wando za mu yi shi, amma ba shi ya hana ni barci ba. Ka gaya mata ɗakinta a share yake, ta dawo mini da gwiwarta da zanen. In ƙwallon nan ce hanyarta, ta tafi ko'ina, amma ta fara durƙusawa a gabana. Kwanakina ba su da yawa, ba na so in sake sa wa gilashi albarka.

Ka gai da matarka Janet, da Japheth, da ƙaramin Sati. Allah ya tsare ku.

Ni ne mahaifinka,
Shekari.