Furar Inna Ta Mayar Da Mu Asibiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, 'yar Kontagora ce ni, kuma garinmu magana ba ta kwana. Shawara nake nema, don Allah ku ba ni ita tsakani da Allah, don kaina ya kulle.

Daga ɗakin asibiti nake rubuto muku, ɗakin da ba mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe baki da hanci, ko wayar nan sai na goge ta da magani nake shigowa da ita. Ɗana ne a kwance, shekararsa goma, da sikila aka haife shi. Ɗan fari ne, kun san al'ada, tun da aka yaye shi ɗakin surukata ya koma, muna ce mata Inna. Sunan marigayi mijinta ya ci, don haka Maigida take kiransa, kullum suna cikin tsokanar juna, ta ce ya kawo cefane, ya ce sai ta yi kwalliya tukuna. Gaskiya ɗaya ce, matar nan ta sha wahalarsa fiye da ni. In ciwon ya tashi ita ke gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, ta yi ta tofa masa addu'a har ya lafa. Ita ma ta binne 'ya'ya biyu da irin ciwon nan tun ba a san sunansa ba. Da likitoci suka ce ana dashen ɓargo, aka gwada ƙanwarsa mai shekara bakwai aka ga nata ya dace da nasa, Inna ce ta fara sayar da shanunta na gado da ke Bobi, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Aka yi dashen a wani asibiti nesa da gida. Ba zan iya ba ku labarin abin da na gani ba, sai da aka kashe tsohon ɓargon da magani, gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo ko ruwa ba ya iya haɗiya. Ƙanwar kuwa da aka ɗebi nata tana ɗingishi tana yi wa nas-nas alfahari wai ita ce ta warkar da yaya. Allah ya taimaka ɓargon ya kama. Da za a sallame mu likita ya zaunar da ni da babansu, ya ce jikin yaron nan yanzu kamar na jariri sabon haihuwa ne, ba shi da garkuwa, ƙwayar cutar da mu ko a jikinmu shi tana iya kai shi kabari. Ya ce har wajen shekara babu shiga taro, babu ɗanyen nono, babu ruwan da ba a tafasa ba, babu jiƙo, babu kusantar dabbobi. Babansu yana gyaɗa kai, na ɗauka mun fahimci juna.

To gidanmu gidan yawa ne, ga awaki ga tantabaru, ga masu zuwa barka tun daga Bobi har Kaboji, kowa na so ya shafa kan yaron da aka canja wa ɓargo. Ni kuwa na sa shi a ɗakina na murza mukulli, duk wanda ya zo sai dai ya leƙa ta taga. Nan fa aka sa ni a baki, wai na je birni na zama Baturiya, wai ina ƙyamar dangin miji. Ban damu ba, in dai zagi ne ba ya ƙari. Wadda ta dame ni Inna ce. Na ce mata ta riƙa shigowa amma ta sa takunkumi, kuma ta yi addu'ar daga nesa ban da tofi. Ta kalle ni ta ce, “Ke da ko sunansa ba kya faɗa, yau ke ce za ki koya mini riƙonsa? Yawun nan ne ya kawo shi shekara goma.” Ni ma kuwa na san addu'arta ba ƙarya ba ce.

Ran nan na fita karɓo masa magani, na bar wa babansu mukulli. Ina dawowa na tarar da ɗaki a buɗe. Can na sami yaron a ɗakin Inna tsakiyar matan da suka zo daga Bobi, takunkumin yana rataye a wuya, ƙwarya a cinyarsa, yana shan fura da nonon da suka kawo daga ruga, Inna tana yi masa fifita tana dariya. Wallahi rabon da in ga yaron nan cikin farin ciki irin na ranar har na manta, kuma rabon da in ji tsoro irin na ranar ma haka. Na fisge ƙwaryar a gaban baƙinta, abin da har yanzu ba a yafe mini ba. Babansu ya ce uwarsa ce ta miƙo hannu ta ce ya ba ta mukulli, ta yaya zai hana ta.

Bai kwana biyu ba zazzaɓi ya rufe shi, gudawa, jiki na rawa, muka kamo hanyar asibitin nan a guje. Likita ya ce cuta ce ta shiga jininsa, da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Da ya tambaye shi me ya ci, yaron nan ya ƙi faɗa, sai da likita ya fita ya jawo mayafina ya ce kada in faɗa, shi ne ya roƙi Inna, kada a yi mata faɗa.

Yanzu ya samu sauƙi, ran Juma'a za a sallame mu. Likita ya ce kada in mayar da shi gidan taro, don ba kullum ake kwana a gado ba. Yayana yana da ɗaki a Minna, ya ce in zo mu zauna har shekarar ta cika. Na gaya wa babansu, shi kuma ya gaya wa Inna, ta yi kuka ta ce wato an maishe ta mai kisan jika, ta rantse in ba a dawo mata da Maigida ɗakinta ba, ba ta yafe wa babansu nononta da ya sha ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, amma a gaban uwarsa ba shi da baki. Jiya ya ce mini in na wuce Minna, to in san da cewa ba da izininsa na tafi ba, kuma ƙanwar yaron tana nan wajen Inna ba inda za ta. Bai ambaci saki ba, amma ni ba yarinya ba ce.

Na yi tunanin in kai maganar wajen manya, to Inna ce babbar, kawunnan mijina duk ƙannenta ne. In na koma, na san ko mukulli goma na sa sai an buɗe, don ita a zuciyarta ƙauna take yi, kuma ba a hana mutum ƙauna da kwaɗo. In na ƙi komawa, aurena na rawa, 'yata na can, shi kansa yaron abinci ma ba ya ci sosai, kullum yaushe za mu je wajen Inna. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, duk a lokaci ɗaya.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, ɗazu da safe aka haɗa ni da yarinyar a waya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, “Umma, ɓargon nawa ne bai yi kyau ba, shi ya sa kuka koma? In ba shi da kyau a zo a ɗebi wani, ba zan yi kuka ba.”

Iyaye mata da ke gidan nan, da malamai, da ma'aikatan lafiya, ran Juma'a in mota ta ɗauke mu, ina zan ce wa direba ya nufa?