Ta Fara Ce Miki Yaya

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da aiki da gajiya. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, Mama tana gaishe ki.

Yaya, 'yar ajinmu da kuka ɗauka ta yi hutu a ɗakin bincikenku, wadda muke kira Aku, ta dawo. Tun ranar Litinin ba ta bar kunnen kowa ya huta ba. Ta ce kin kai ta ɗaki mai duhu, inda teburi ke zaune a kan iska don kada motsi ya girgiza shi. Kin kunna koren haske, ta ga ƙwayar furotin guda ɗaya tak tana tafiya a kan zare, taku bayan taku, kowane taku nanomita takwas, tazarar da ba ta kai kaurin silin gashi ba ko kusa. Wai har ta yi atishawa awon da kuka yini kuna yi ya lalace, kika yi dariya kawai.

Malamin kimiyya ya sa aka tafa mata. Ni ma na tafa, amma tafin bai kai zuci ba. Wannan tafiyar ni kika fara zana wa a bayan littafin lissafina, ina aji ɗaya. Shekara huɗu ina ganinta a takarda, ita ta gani da ido.

Ban ce laifinki ba ne. Bara da aka kawo takardar neman gurbin, ni na fara cikewa. Sai na ji kunya, kada a ce Yayata ce ta ɗauke ni, na ninke ta na tura ƙarƙashin katifa. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jiya, a gaban aji, ta ce Yaya ta koya mata wanke gilasan gwaji. Na waiga ina neman wace Yaya. Ashe ke ce.

Ga takardar bana a cikin ambulan ɗin nan. Ki ba shugabanku ya duba, kamar ba ki san ni ba. In ban cancanta ba, zan haƙura. Ita kuwa, don Allah, ki gaya mata a hankali ta riƙa ce miki Dakta.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta