Fankokin Gidan Kajin Yaya

Ƙanwata, malamar kimiyyar iska,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Mu lafiya lau, sai dai 'yata Auta da tarinta, wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Maƙwabcina tela ya sake kawo ƙorafi, wai warin gidan kajina ya hana shi sakat. Haba! Ni da na juyar da fankokin fitar da iska tun bara, suka bar fuskantar gidansa, don gudun haƙƙin maƙwabtaka? Ga awon da kika nema: tsayin rumfar, yawan kajin, da inda fankokin suke kallo. Ki zuba wa kwamfutarki, ta zana mini inda warin ke zuwa in nuna masa, ya kama bakinsa.

Ki gaida maigidan.
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida Anti.

Na haɗa awonka da bayanan yadda iska ke kaɗawa a unguwarku, na maimaita lissafin har na gaji, ina fatan kuskure na yi. Ka yi gaskiya, kaɗan ne ke isa gidan tela. Amma Yaya, iska ba ta ɓacewa don an juya mata baya. Tururin kashin kajin da ƙurar ɓuntun da ka shimfiɗa musu yanzu katangarka suke bi, su sauka a tagar ɗakin baya. Dubi inda zanen ya yi ja. Wa ke kwana a ɗakin nan in ba Auta ba?

Wallahi da kuka na rubuto. Ka fitar da ita yau, ka kai ta asibiti, sannan a yi wa fankokin bututu mai kallon sama. Zanen yana gaya mini inda iska take zuwa, amma bai san abin da ta riga ta yi ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Sallama. Ina gama karanta wasiƙarki na fitar da Auta daga ɗakin, na kai ta asibiti.

Likita ya ce ƙirjin ya taɓu amma an zo da wuri. Na nuna wa tela zanen, ba don gardama ba. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce a kawo ta ɗakin 'ya'yansa har mai walda ya gama haɗa bututun.

Yau da safe uwarta ta leƙa, ta ji shiru babu tari, ta ruga ta dafa ƙirjinta. Ashe barci take yi.

Na gode.
Yayanki