Ƙofar da Na Toshe a Bakin Kwalbati

Anti Irma, ki taimake ni.

A gida ni ƙalau nake, in ban da rashin cin abinci. Maigidana Valmond gwiwarsa ta sake kumbura. 'Yata da yaranta lafiya. Ɗana Donat kuwa ban sani ba, rabona da jin muryarsa sati biyar. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jika na shiga ajin manya.

Shekara uku ke nan biba suna toshe kwalbatin hanyar gonarmu, dabbobin nan masu faffaɗar wutsiya da ke sare itace su datse rafi. Valmond ɗan mai tarko ne, maganinsa ɗaya: tarko. Donat ya hana. Da ƙanƙara ta narke ya zo daga birnin Moncton, ya kewaye bakin kwalbatin da waya mai manyan idanu, ya shimfiɗa bututu daga tsakiyar tafkin da suka tara don ruwa ya wuce shiru, wai ƙararsa ce ke sa su gini. Ubansa ya ce, "To injiniya, saura ka ja musu lantarki." Ya ce, "Baba, kai ma in ka zauna lafiya zan ja maka." Suka yi dariya. Na daɗe ban ga sun yi haka tare ba.

Bayan tafiyarsa na ga giɓi a gefen shingen. Na ɗauka waya ce ta ƙare masa, ban so ubansa ya samu abin faɗa. Na toshe da ragar kaji, har na zagaye ƙasan duka. Da ganye ya fara zuba ragar ta tare shi, biban suka liƙe da laka. Ruwa ya haye hanya ya cinye mana dankalin bana. Uwar biban mota ta take ta. Valmond ya fizge shingen da tarakta bai ko duba ba, ya kira yaron ya ce karatun banza ya yi. Donat ya ce in aka ɗana tarko a tafkin, kada mu sa ran ganinsa ko a Kirsimeti.

Sai daga baya na karanta takardar da ya bar mana. Ashe giɓin nan ƙofa ce ya bari don kunkuru da biban su bi ta ƙasa, kada su hau titi. Har yau ban faɗa wa kowa ba. Valmond ya ce ranar ɗaya ga Nuwamba zai ɗana tarkon. Don Allah ki amsa kafin ranar.

Wata uwa, Madawaska, Kanada

Baiwar Allah,

Ragar kaji kuskure ne na ƙauna. Shirun nan ne ke ɓarna. Mijinki ya rasa guminsa na shekara, yana da dalilin fushi. Ɗanki kuma an zage shi a kan aikin da ya yi daidai, yana can yana zargin kansa.

Gobe ki kai Valmond inda ya jefar da shingen, ki nuna masa ragar da hannunki. Zai yi faɗa, ki bar shi ya gama. Sannan ki roƙe shi ya jinkirta tarkon sati biyu. Ki kira Donat ki fara da, "Ni ce na toshe ƙofarka." Kada ki nema wa ubansa gafara, wannan aikin Valmond ne da bakinsa. Ki dai ce shingen na jiran mai gyara kafin tafki ya daskare.

Ba zan yi miki alkawarin zai zo nan take ba. Amma ya kamata ya san aikinsa bai gaza ba, ke kaɗai za ki iya gaya masa. Allah ya haɗa kanku.

Irma